Daga Ɗurin Albarushi Zuwa Harsashi Mai Kwanso: Nazarin Lamarin Wata Masana'antar Bindigogi a Hartford

## Shimfiɗa

Masana'antar da ake magana a kanta tana gaɓar kogin Connecticut, a birnin Hartford na ƙasar Amurka, kuma a tsakiyar ƙarni na 19 babu wadda ta kama ƙafarta a ƙasar wajen ƙera libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai silinda da ke juyawa tana kawo rami ɗaya bayan ɗaya daidai bututu. Wanda ya kafa ta, Samuel Colt, ya karɓi takardar mallakar wannan ƙirƙira a watan Fabrairu na 1836, kuma da ƙarin wa'adin da aka yi masa, takardar ta ci gaba da kare shi har 1857. Matsalar da ta sami masana'antar ita ce hajar da ta yi suna da ita ta tsufa a hannunta tun ba ta gama sayar da ita ba, a daidai lokacin da doka ta hana ta bin hanya mafi sauƙi ta sabunta hajar.

Sai an san yadda ake ɗura wa waɗannan bindigogi kafin a gane nauyin matsalar. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah ya ga yadda ake zuba wa bindigar toka albarushi ta baki a danna shi da sanda. Libarbar wancan zamani haka take, sai dai ramukanta shida ne. Soja zai ja gudumar bindigar zuwa rabi domin silinda ta saki, ya ɗaga bakin sama, ya zuba awon albarushi a rami, ya ɗora dunƙulen dalma a kai, sannan ya juya silindar har dalmar ta zo ƙarƙashin wata liba da ke manne a ƙasan bututu, ya danna ta da ƙarfi. Da gangan ake yin dalmar ta ɗara ramin faɗi kaɗan, shi ya sa in an danna ta sai wani siririn zobe na dalma ya yanke ya faɗi ƙasa, kuma wannan zoben ne shaidar cewa ramin ya toshe sosai. Bayan an yi haka sau shida, sai a koma bayan silinda a ɗora wa kowane rami wata 'yar hular jan ƙarfe mai maganin tartsatsi, wadda guduma ke duka ta kunna albarushin. A lokacin yaƙi an riƙa naɗe albarushi da dalma a takarda domin a rage aikin, amma ɗora huluna shida da yatsun da sanyi ya kama, a kan doki mai motsi, bai taɓa zama abu mai sauƙi ba. Ban da jinkiri, damina tana jiƙa albarushi, ɓaraguzan hular da ta fashe sukan faɗa cikin bindiga su cije silinda, wani lokaci kuma wuta takan tsallaka daga rami zuwa rami, ramuka biyu ko uku su tashi a tare.

## 1855 zuwa 1857: takardar da ta rufe hanya

Rollin White ɗan kwangila ne da ya yi aiki a cikin masana'antar. A ranar 3 ga Afrilu 1855 ya karɓi takardar mallakar ƙirƙira mai lamba 12,648. Bindigar da ya zana a takardar ba ta taɓa shiga kasuwa ba, amma a cikin abubuwan da aka mallaka masa akwai ɗaya da ya fi sauran duka daraja, wato silindar da aka huda ramukanta suka ɓulle ta baya, ta yadda za a iya saka harsashi daga baya maimakon a ɗura ta gaba. White ya kai wa Colt dabarar, Colt bai karɓa ba.

A lokacin rami mai ɓullewa ta baya ba shi da amfani ga wanda ke zuba albarushi tsurarsa, domin wuta da hayaƙi za su fito ta bayan su doshi fuskar mai harbi. Ramin yana da amfani ne kawai in akwai kwanson ƙarfe mai laushi, na jan ƙarfe ko tagulla, wanda zai kumbura a lokacin harbi ya manne da bangon ramin ya toshe hanyar baya. Irin wannan harsashi ya riga ya bayyana a Faransa a hannun maƙera irin su Flobert da Lefaucheux, kuma a garin Springfield na jihar Massachusetts, kimanin kilomita 40 arewa da Hartford a kan kogi ɗaya, Horace Smith da Daniel Wesson suna ta aiki a kan nasu.

A watan Nuwamba na 1856 Smith da Wesson suka ƙulla yarjejeniya da White. Su kaɗai za su yi amfani da dabarar, za su biya shi santi 25 a kan kowace bindiga, shi kuma zai ɗauki nauyin kare takardar a kotu daga aljihunsa. Da wa'adin takardar Colt ya cika a 1857, suka fito da 'yar ƙaramar libarba mai harbi bakwai, mai faɗin baki .22 na inci, wadda harsashinta ke tashi in an daki gefen gindinsa. Daga wannan lokaci har zuwa Afrilu 1869, duk maƙerin Amurka da ya huda silinda ta ɓulle ta baya ba da izininsu ba, kotu ce makomarsa, kuma White ya gurfanar da kamfanoni da dama ya yi nasara a kansu.

## 1861 zuwa 1867: yaƙi, gobara, da sito cike da kaya

Yaƙin basasar Amurka, wanda ya ɓarke a Afrilu 1861, ya ɓoye matsalar na shekara huɗu. Gwamnatin tarayya tana buƙatar manyan bindigogi da yawa kuma da gaggawa, kamfanin Springfield kuwa bai wuce .22 da .32 ba, waɗanda hafsoshi ke saya da kuɗinsu su saka a aljihu. Don haka masana'antar Hartford ta yi ciniki irin wanda ba ta taɓa yi ba. Samfurinta na soja na 1860, mai faɗin baki .44 da bututu inci 8, an ƙera fiye da 200,000 daga 1860 zuwa 1873, kuma gwamnati ita kaɗai ta sayi fiye da 125,000. Samfurin 1851 mai faɗin baki .36, wanda ake kira na sojan ruwa, shi ma ya haura 200,000.

Colt ya rasu a Janairu 1862. A ranar 4 ga Fabrairu 1864 gobara ta cinye babban ginin masana'antar, matarsa Elizabeth ta tsaya aka sake gina shi, aka kammala a 1867. Kafin a kammala ginin kasuwa ta riga ta juya. Yaƙi ya ƙare a 1865, an sallami sojoji daga kusan miliyan ɗaya zuwa ƙasa da 60,000 cikin shekara biyu, gwamnati ta fara gwanjon rarar makamanta da araha, sojojin da suka koma gida kuma da yawansu sun riƙe dogayen bindigogi irin na Spencer da Henry masu harsashi mai kwanso, sun ga bambancin da idonsu. Manyan ƙasashe ma sun kama hanya ɗaya a kan dogayen bindigoginsu. Amurka ta fara juya nata bisa dabarar Erskine Allin a 1865, Ingila ta ɗauki dabarar Snider a 1866, Faransa ta bi sahu a 1867, kowacce tana yanke bayan tsohuwar bindiga ta saka mata ƙofa maimakon ta zubar da ita.

Halin da masana'antar ta tsinci kanta ke nan a 1867: sabon gini, injuna da aka saita domin tsohon samfuri, sito cike da bututu da silinda da firam, wato gangar jikin bindiga, da ba a harhaɗa ba, da kuma saura shekara biyu kafin takardar White ta mutu, in har ba a ƙara mata wa'adi ba.

## 1868: yunƙurin farko, dabarar Thuer

Hanyoyi biyu ne a buɗe. Ta farko ita ce a biya masu takarda. Ita ce kamfanin Remington na garin Ilion a jihar New York ya bi a 1868, inda ya samu izini ya juya libarba kimanin 4,500 zuwa harsashin .46 mai tashi ta gefe, da sabuwar silinda mai ramuka biyar maimakon shida domin harsashin ya fi tsohon rami kauri. Masana'antar Hartford ba ta samu irin wannan izini ba, sai ta bi hanya ta biyu, wato kewaye takardar. Ƙananan kamfanoni sun riga ta a wannan, irin su Moore da Plant, waɗanda suka ƙera harsasai masu kwanso da ake turawa ta gaban silinda.

Ma'aikacinta F. Alexander Thuer ya karɓi takardar tasa dabarar a ranar 15 ga Satumba 1868. Harsashin Thuer kwanson ƙarfe ne marar leɓe a gindi, mai tashi ta tsakiya, wanda ya fi faɗi ta wajen dalma ya tsuke ta wajen gindi. Ana tura shi ta gaban silinda a danna shi da tsohuwar libar nan, tsukewar ramin ita ke riƙe shi. A bayan silinda an rage kaurin ƙarfe an zura wani zobe mai juyawa, wanda ke ɗauke da allurar duka da kuma abin tunkuɗa kwanso. In an juya zoben wuri ɗaya, guduma ta daki allura bindiga ta tashi. In an juya shi ɗaya wurin, dukan gudumar ne zai tunkuɗo kwanson da aka harba ya fita ta gaba, don haka mai bindiga sai ya ɗana ya saki sau shida kafin ya kwashe kwansuna shida.

Dabarar tana da abubuwan da suka ja hankali. Ba a taɓa firam ko bututu da wani babban yanka ba, kuma mai bindiga yana iya cire silindar Thuer ya mayar da tsohuwar ya koma ɗurin albarushi, abin da ke da muhimmanci ga mutumin da ke zaune kwana da kwanaki daga kantin da ke sayar da harsashi. An kuma tanadi ƙananan kayan aiki da ake haɗawa da libar bindigar a sake cika kwanson da aka harba.

A hannun masu amfani kuwa aibobinta suka bayyana. Abin da ke riƙe harsashin matsi ne kawai, don haka in ba a danna shi sosai ba, girgizar harbi ko sukuwar doki tana iya zazzago shi gaba har allura ta kasa cim masa, ko ya leƙo ya tare silinda. In kuma an danna shi sosai, ga dattin albarushi ya taru, kwanson yakan ƙi fita da duka ɗaya. Saurin ɗuri bai ƙaru yadda ake fata ba, tunda har yanzu kowane harsashi sai an kai shi ƙarƙashin liba. Harsashin kuma na musamman ne, ba ya shiga kowace bindiga sai wannan. Daga 1869 zuwa 1872 bindigogi kimanin 5,000 kacal aka yi wa wannan juyi a dukan samfurori, kuma rundunar soja ba ta ɗauke shi ba.

## 1869 zuwa 1870: faɗuwar katanga

Wa'adin takardar White ya cika ranar 3 ga Afrilu 1869, ofishin rajistar ƙirƙira kuma ya ƙi ƙara masa. White, wanda kuɗin shari'a suka cinye mafi yawan abin da ya samu, ya kai kukansa Majalisar Dokoki, ta zartar da ƙudurin da zai ba shi damar a sake sauraron buƙatarsa. A ranar 11 ga Janairu 1870 Shugaba Ulysses Grant ya hau kujerar na-ƙi, yana dogaro da rahoton shugaban sashen makamai na soja, Janar Alexander Dyer, wanda ya ce takardar ta kawo wa gwamnati cikas a lokacin yaƙi. Majalisar Dattawa ta yi yunƙurin tsallake shugaban, Majalisar Wakilai ba ta goyi baya ba, maganar ta mutu a tsakiyar 1870.

Smith da Wesson, maƙwabtan da ke Springfield, ba su jira ba. A 1870 suka fito da babbar libarba mai faɗin baki .44, wadda ake karya ta daga sama ta zubar da kwansuna shida a lokaci guda. Sojan Amurka ya yi odar 1,000, a 1871 kuma gwamnatin Rasha ta yi odar 20,000. Masana'antar Hartford ba ta da sabon samfuri babba da za ta ajiye kusa da wannan.

## 1871: dabarar Richards

Injiniyan masana'antar, Charles B. Richards, ya karɓi takardar tasa dabarar a ranar 25 ga Yuli 1871. Ya bi hanyar da doka ta buɗe kai tsaye. An yanke bayan silindar samfurin 1860, inda hulunan ke zama, ramukan suka ɓulle. Gurbin da yankan ya bari an cike shi da wani faifan ƙarfe da aka ɗaure a jikin firam, ba ya juyawa. A gefen dama na faifan akwai 'yar ƙofa mai sifirin da ake buɗewa a saka harsashi ɗaya bayan ɗaya, a cikinsa akwai allurar duka mai komawa baya da kanta, a samansa kuma an yanka gurbin saiti, wanda a tsohuwar bindiga yake a kan bakin guduma. Libar ɗuri ba ta da sauran aiki, sai aka cire ta aka saka tsinken fitar da kwanso a mazauninta, a gefen bututu.

Wurin da aikin ya fi wuya shi ne harsashi, kuma a nan ne gadon tsohon samfuri ya fi matsa wa injiniyoyi. Bindigar da ake kira .44 a zamanin ɗuri, ainihin faɗin cikin bututunta ya kai wajen .45 na inci, kimanin milimita 11.5, kuma faɗin ramukan silinda kusan ɗaya ne da na bututu, tunda dalma tsurarta ake dannawa a ciki. In aka saka kwanso a wannan rami, sannan aka saka dalma a cikin kwanson, dalmar za ta fi bututu ƙanƙanta da kaurin bangon kwanso, ta wuce ba tare da ta kama tsagar cikin bututu da ke murɗa ta ba, saiti ya lalace. Faɗaɗa ramukan kuma babu hali, domin silindar samfurin 1860 dama an rage kaurinta ta baya ne don ta zauna a kan firam ɗin samfurin 1851, bangon da ke tsakanin rami da waje ya riga ya yi siriri. Mafitar da aka samu ita ce dalma mai dunduniya: jikinta faɗinsa ɗaya da wajen kwanso, gindinta kaɗai aka tsuke ya shige cikin bakin kwanson, man da ke sulɓar da ita kuma aka shafa shi a waje. Leɓen gindin kwanson ma ƙarami aka yi shi, don shida su zauna a da'ira ba tare da sun hau juna ba. Wannan harsashi shi aka sa wa suna .44 Colt. Mai karatu da ya taɓa riƙe ƙaramin harsashin .22 na yau ya riƙe irin wannan ƙira, domin shi ne sanannen harsashin da ya rage a kasuwa da dalma mai dunduniya. Aibinsa shi ne man da ke waje yana kwasar ƙura da yashi a aljihu ko a ɗamara, yana kuma narkewa in rana ta yi zafi.

Siririn bangon ya sake nuna kansa a wani gwaji na farko, inda aka yi wa wasu silindu gurabun tsayawa goma sha biyu maimakon shida, domin a iya ajiye guduma tsakanin ramuka biyu a matsayin kariya. Ƙarin yankan ya raunana ƙarfen, aka koma shida.

Rundunar soja ta karɓi wannan juyi. A 1871 ta tura tsofaffin bindigoginta kimanin 1,200 aka juya su, aka raba wa sojan doki da ke yammacin ƙasar, ma'aikatar gwamnati da ke Frankford a birnin Philadelphia kuma ta ƙera musu harsashi. Jimillar waɗanda aka yi bisa dabarar Richards ta kai kimanin 9,000 zuwa 1878. Wasu tsofaffi ne da masu su suka aiko a juya, da yawa kuwa ba su taɓa ganin hular tartsatsi ba, an harhaɗa su ne kai tsaye daga sassan da ke jibge a sito.

## 1872: gyaran Mason da gwajin da aka faɗi

Dabarar Richards ta yi aiki, amma tana cin lokaci da kuɗi, musamman faifan mai allura da sifirin da gurbin saiti. William Mason, ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan masana'antar, ya karɓi takarda a ranar 2 ga Yuli 1872 a kan tsinken fitar da kwanso mai sauƙin haɗawa. A juyin da aka riƙa kira da sunan su biyun, an cire allura daga faifai an kafa ta a jikin guduma, saiti ya koma bakin guduma kamar da, kuma da tsofaffin bututu suka ƙare a sito sai aka ƙera sababbi waɗanda tun farko ba a bar musu mazaunin liba ba. Samfurin 1860 kimanin 2,100 aka yi wa wannan. Aka kuma bi samfurin 1851 da na 1861 da ƙananan bindigogin aljihu, aka juya su zuwa harsashin .38, wasu mai tashi ta gefe wasu ta tsakiya, shi ma da dalma mai dunduniya domin bututun da ake kira .36 ainihinsa wajen .375 ne. Rundunar sojan ruwa ta tura nata aka juya mata.

A wannan shekara masana'antar ta gwada ƙera sabuwar bindiga da ba juyi ba ce, amma a kan tsohon fasali, mai cin harsashin .44 na Henry. An yi kimanin 7,000. Sojoji suka gwada ta suka mayar, suna neman harsashi mafi ƙarfi da firam mafi ƙwari. Dalilinsu yana cikin ginin bindigar. A manyan libarbobin Hartford na wancan lokaci saman silinda a buɗe yake, babu ƙarfen da ya haɗa bututu da firam ta sama. Bututun yana zaune ne a kan sandar da silinda ke juyawa a kai, wani ɗan weji da ake bugawa ta gefe shi ke riƙe shi. Kowane harbi yana jan bututun gaba, da tafiya ta yi nisa wejin da raminsa sukan ci, tazara ta buɗe tsakanin silinda da bututu. Kuma a samfurorin da saitin baya yake kan guduma, na gaba yake kan bututu, duk sassaucin da ya shiga tsakaninsu yana shafar inda dalma za ta faɗa.

## 1873 zuwa 1880: sakamako

Mason da Richards suka koma kan teburin zane, suka fito da firam mai ƙarfe a sama wanda ya kewaye silinda, aka murɗa bututu ya shige jikinsa kamar sukuru. 'Yar ƙofar gefen dama, da tsinken fitar da kwanso, da allurar da ke kan guduma, duk an ɗauko su daga aikin juyi. Sabon harsashin, .45 Colt, dalmarsa tana cikin kwanso tare da manta, nauyinta kimanin giram 16.5, kuma kwanson yana ɗaukar har giram 2.6 na albarushi. A watan Yuli 1873 gwamnati ta sa hannu a kwangilar farko ta bindiga 8,000.

Aikin juyi bai tsaya nan take ba. A shekarun farko kwangilar soja ta cinye mafi yawan sabon samfurin, farashinsa kuma ya fi ƙarfin makiyayi ko ɗan ci-rani, don haka juyayyun bindigogi suka ci gaba da fita da araha har wajen 1880, lokacin da tsofaffin sassa suka ƙare. In aka haɗa dukan nau'o'in, masana'antar ta fitar da fiye da 40,000, ban da waɗanda maƙeran garuruwa suka juya da kansu. Mason ya koma kamfanin Winchester a 1882, Richards kuma ya zama farfesan injiniyanci a Jami'ar Yale a 1884.

## Hukunci

An saba ɗora wa Colt laifin ƙin karɓar dabarar White, kuma a ganina laifin bai kai yadda ake faɗa ba. Abin da aka nuna masa a 1855 silinda ce mai huda ba tare da harsashin da zai toshe hudar ba, kuma a wannan siffa hatsari ce. Kuskurensa shi ne bai biya ɗan abin da za a biya ya ajiye takardar a aljihun tebur ba, alhali shi da kansa ya ci moriyar irin wannan takarda shekara ashirin, ya san abin da take iya yi wa abokin hamayya.

Dabarar Thuer ta faɗi ne domin tambayar da aka ba shi ya amsa ta lauyoyi ce. An ce masa ya samo harsashi mai kwanso da ba ya shiga ta baya, ya samo, kuma aikinsa na gwani ne. Amma sojan doki bai damu da ta ina harsashi ke shiga ba, abin da yake so shi ne ya shiga da sauri, ya zauna, ya fita da sauri, kuma a cikin ukun nan babu wanda Thuer ya cika sosai. Remington, wanda ya biya kuɗi ya bi hanya madaidaiciya, ya riga Hartford da shekara uku wajen saka babbar libarba mai ɗuri ta baya a kasuwa. Ina ganin biyan ya fi kewayen riba, ko da yake firam ɗin Remington mai rufaffen sama ya sauƙaƙa masa aikin tun farko.

Dabarar Richards ta yi nasara domin dalilai uku da ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi girma shi ne lokaci, tunda bai fara ba sai da katanga ta faɗi, don haka bai ɓata basirarsa wajen kauce wa kowa ba. Na biyu, ya bar abin da ke da tsada yadda yake, wato bututu da firam da kayan ciki, ya taɓa silinda da liba da bakin guduma kawai. Na uku, inda ƙarfe ya ƙi ba da wuri, an lanƙwasa harsashi ya bi bindiga maimakon a tilasta wa bindiga ta bi harsashi, kuma dalma mai dunduniya, duk da kwasar yashinta, ita ta sa bututun da aka ƙera domin yaƙin 1861 ya ci gaba da harbi daidai.

Abin da juyi bai iya gyarawa ba shi ne firam mai buɗaɗɗen sama, kuma sojojin da suka mayar da samfurin 1872 sun yi daidai. Duk da haka ban ɗauki shekarun juyi a matsayin ɓata lokaci ba. A cikinsu ne sassan da suka kusa zama asara suka koma kuɗi, ma'aikata suka ci gaba da samun albashi a lokacin da kwangilar yaƙi ta yanke, kuma a kan tsofaffin bindigogin ne Mason da Richards suka gwada ƙofa da tsinke da allura a hannun sojoji na gaske, kafin su ɗora su a kan samfurin 1873, wanda masana'antar ta ci gaba da ƙerawa ba yankewa har zuwa farkon Yaƙin Duniya na Biyu.